Fim Ɗin da Komai Nasa Aro Ne, Ban da Rawar

Wani mutum ya raka budurwarsa har ƙofar gida da tsakar dare, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Suka yi sallama ta shige ciki. Direba na jiransa a mota, sai ya ɗaga masa hannu alamar ya tafi abinsa. Ya kama hanya a ƙasa yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, can ya naɗe laimar da ke hannunsa ya saɓa a kafaɗa, ya bar ruwan na dukansa. Ya ɗare sandar fitilar titi ya miƙe hannu ɗaya. Ya tsaya ƙarƙashin indararo ruwa na kwarara a kansa yana dariya. Daga nan abin ya wuce rawa ya koma wasan yara: ya sauka bakin kwata yana tsalle cikin ruwan da ya taru, yana fatsal-fatsal da ƙafa biyu, har sai da ya ankara ɗan sanda na tsaye a bayansa ya harɗe hannuwa. Ya ɗan ji kunya, ya fito daga ruwan, ya kama gabansa. A hanya ya haɗu da wani bawan Allah da ruwa ya jiƙa, ya miƙa masa laimar ya wuce.

Minti huɗu ne da 'yan kai. Mutumin Gene Kelly ne, fim ɗin kuma Singin' in the Rain, wanda kamfanin MGM na Amurka ya fitar a 1952. Shekara saba'in da ɗoriya ke nan, amma har gobe akwai wanda bai taɓa ganin fim ɗin ba, bai san labarinsa ba, bai ma ji Turancin da ake yi ba, amma da ya ga hoton mai laima a jikin sandar fitila zai ce ya taɓa ganin wannan. Fina-finan waƙa da rawa da Hollywood ta yi a wancan zamani sun kai ɗaruruwa, mafi yawansu sun bi ruwa. Abin tambaya shi ne me ya riƙe wannan.

Farko dai a sani, ba a ɗauke shi da wani muhimmanci ba lokacin da ya fito. Mako ɗaya kafin a fara nuna shi a birnin New York a ƙarshen watan Maris na 1952, wani fim ɗin na Kelly, An American in Paris, ya lashe kyautar Oscar har shida, ciki har da ta fim mafi kyau na shekara. Shi ake kallo a matsayin aikin fasaha, wannan kuwa ɗan abin nishaɗi ne da aka yi bayansa. Ya kawo kuɗi, kwalliya ta biya kuɗin sabulu, amma a Oscar sau biyu kawai aka ambace shi, ɗaya ga 'yar wasa Jean Hagen, ɗaya ga Lennie Hayton da ya tsara kiɗan, kuma ba wanda ya ci. Sai a hankali darajarsa ta riƙa hawa, ta hanyar talabijin da kuma sake nuna tsoffin fina-finai. A 1989, da ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya zaɓi fina-finai 25 na farko da za a adana wa ƙasa, yana ciki. A 2006 cibiyar fina-finai ta Amurka ta sa shi na ɗaya cikin fina-finan waƙa, a 2007 kuma na biyar cikin duk fina-finan ƙasar. A ƙuri'ar da mujallar Sight and Sound ta Ingila ke yi duk bayan shekara goma tsakanin masu sharhin fim na duniya, a 2022 shi ne na goma. Wanda ya ci Oscar shida kuwa, ba ya cikin wannan sahu.

Asalin fim ɗin ma ba wani abin alfahari ba ne. Arthur Freed, wanda ke shugabantar sashen fina-finan waƙa a MGM, marubucin waƙa ne kafin ya zama furodusa. Shi da abokinsa Nacio Herb Brown sun rubuta waƙoƙi da dama tsakanin 1929 da 1939, kamfanin ya mallake su suna jibge. Sai ya kira marubuta biyu, Betty Comden da Adolph Green, ya ce su nemo labarin da za a rataya masa waɗannan waƙoƙi. Wato an sayi sirdi kafin a sayi doki. Waƙar ruwan saman ita kanta tun 1929 aka fara jin ta a fim, tana da shekara ashirin da ɗoriya kafin Kelly ya taɓa ta. Dabarar da ta ceci marubutan ita ce, suka lura waƙoƙin duk suna da ƙamshin zamanin da aka haife su, sai suka mayar da labarin can, zuwa 1927, shekarar da fim ya fara magana. Da tsohuwar zuma ake magani, in an san inda za a shafa ta.

Wancan sauyi kuwa girgizar ƙasa ce ta gaske. Kusan shekara talatin ana yin fim ba murya, 'yan wasa na magana da ido da hannu, ana rubuta abin da suka faɗa a allo, mai fiyano na zaune a silima yana raka hoton da kiɗa. A watan Oktoba na 1927 kamfanin Warner Bros. ya fitar da The Jazz Singer, aka ji Al Jolson na waƙa yana magana, kafin shekara uku fim marar magana ya mutu a Hollywood. Makirufo na lokacin ba ya ɗaukar murya daga nesa, dole a ɓoye shi cikin furanni ko cikin rigar 'yar wasa. Kyamara na da ƙara, dole a kulle ta cikin wani ɗan akurki. Taurarin da aka sani da kyan fuska aka fara jin muryarsu, wasu ba ta dace da fuskar ba, wasu Turancin ma bai zauna a bakinsu ba. Duk barkwancin da ke tsakiyar Singin' in the Rain daga nan aka ɗebo shi, kuma da yawa cikin ma'aikatan da suka yi fim ɗin sun ga zamanin da idonsu. Walter Plunkett, wanda ya tsara tufafin, tun shekarun 1920 yake wannan sana'a.

Labarin gajere ne. Don Lockwood, wanda Kelly ke fitowa a matsayinsa, da Lina Lamont taurari ne na fim marar magana, jaridu na ta yayata cewa masoya ne, alhali shi ko ganinta ba ya son yi. Lina kyakkyawa ce, amma muryarta kamar ana goga ƙarfe a ƙarfe. Da aka tilasta wa kamfaninsu yin fim mai magana, abin ya zama abin dariya ranar gwaji. Sai Cosmo, abokin Don tun yarinta, ya kawo shawara: a mayar da fim ɗin na waƙa, a ɗauki muryar wata yarinya mai suna Kathy, wadda Don ke so, a ɗora a bakin Lina.

In aka duba da kyau, daga farko har ƙarshe fim ɗin maganar ƙarya yake yi. Buɗewarsa ma haka take: Don na tsaye gaban makirufo yana ba jama'a tarihinsa, yana cewa a gidan mutunci ya tashi, manyan makarantu ya yi, mu kuwa ana nuna mana gaskiyar, yaro ne mai rawa a gidajen caca don a jefa masa kwabo, daga baya ya zama wanda ake jefowa daga bene a madadin jarumi. Soyayyarsa da Lina ƙarya ce ta talla. Muryar Lina a sabon fim ta aro ce. Har lokacin da Don ya tashi bayyana wa Kathy abin da ke zuciyarsa, ya kasa, sai da ya ja ta cikin wani ƙaton ɗakin ɗaukar fim da ba kowa, ya kunna fitilar da ke kwaikwayon faɗuwar rana, ya kunna injin hazo, ya kunna fanka ta zama iskar yamma, ya ɗora ta kan tsani a matsayin bene. A gaban idonmu ya haɗa ƙaryar ɗaya bayan ɗaya, amma da suka fara takawa sai zuciya ta karɓa. A ganina wannan wuri ne fim ɗin ya fi wayo, ya fi ma na ruwan sama.

Abin da ya fi wannan ban dariya a bayan fage yake. A labari, Kathy ce mai muryar gaskiya da ake zalunta. A zahiri, wurin da ake nuna Kathy na ɗora wa Lina magana da tattausar murya, muryar da ake ji ta Jean Hagen ce, wato ita mai fitowa a Lina, domin muryarta ta ainihi mai daɗi ce, waccan mai tsinin ƙirƙirarta ta yi. Waƙar da ake nuna Kathy na rera wa Lina kuma, ba Debbie Reynolds mai fitowa a Kathy ce ta rera ba, wata mawaƙiya ce mai suna Betty Noyes. Fim ɗin da ke tona asirin aron murya, shi kansa da muryar aro ya tona.

Bahaushe mai kallo ba zai ga wannan baƙon abu ba. Mun tashi da fina-finan Indiya, inda kowa ya san jaruma baki kawai take motsawa, Lata Mangeshkar ce ke waƙar. Fina-finanmu na Hausa ma a kan haka suka ginu: mawaƙi ya shiga situdiyo, jarumi ya hau waƙar ya yi mamin, ba wanda ya ce an yaudare shi. Yanzu har fassarar fina-finan Indiya muke kallo, Ba'indiye na zuba Hausar Kano. Bambancin shi ne Hollywood ta wancan zamani ɓoyewa take yi, tana son a yarda cewa fuskar da muryar na mutum ɗaya ne. A Indiya ma da farko haka abin yake, sai daga baya sunan mawaƙa ya fito fili har suka zama taurari da kansu.

To a cikin duniyar da murya aro ce, tarihi aro ne, rana da iska da ruwan sama duk na inji ne, me ya rage da ba a iya arowa? Jiki. Nan ne nake ganin sirrin fim ɗin yake. Za a iya ɗora wa mutum muryar wani, amma a 1951 ba yadda za a ɗora masa ƙafar wani alhali kyamara na kallonsa daga hula har takalmi. Kuma haka Kelly da abokin aikinsa Stanley Donen, wanda shekararsa 27 lokacin, suka ɗauki rawar: jiki gaba ɗaya a cikin hoto, kyamara na bin mai rawa a hankali, ba a yanka sai an daɗe, in ma an yanka a kan gaɓar kiɗa ake yi yadda ido ba zai lura ba. Fred Astaire, shahararren ɗan rawa na fina-finan Hollywood, shi ne ya kafa wannan ƙa'ida tun shekarun 1930, ya ƙi yarda a riƙa nuna ƙafarsa daban fuskarsa daban. Kelly ya gaje ta, ya ƙara mata motsin kyamara, yana sa ta matso lokacin da mai rawa ya taho, ta ɗaga sama lokacin da ya buɗe hannuwa.

A gwada da yawancin rawar da ake ɗauka yau, a fim ko a bidiyon waƙa. Daƙiƙa biyu kafaɗa, daƙiƙa ɗaya ƙafa, sai fuska, sai taron jama'a. Mai tacewa ne ke rawar a kwamfuta, ɗan wasa ko bai iya ba za a rufa masa asiri. Ido na jin daɗin walƙiyar, amma ba ya shaida komai. A fim ɗin Kelly kuwa mai kallo shaida ne. Ya ga mutum ya tashi daga nan ya sauka can, ba a yanke ba, ba a sauya shi da wani ba. Irin mamakin da ake ji a dandalin dambe ko na kokawa ne, inda ba labari aka ba ka ba, a gabanka aka yi. Salon tufafi na tsufa, barkwanci na tsufa, dabarar kwamfuta ma tana tsufa da sauri fiye da komai, amma mutum ya taka bango ya yi alkafura ya dira da ƙafarsa, wannan nauyinsa ɗaya ne a 1952 da yau.

Wanda ya taka bangon Donald O'Connor ne, mai fitowa a Cosmo. Iyayensa 'yan wasan tsalle-tsalle ne masu yawo gari-gari, a dandamali ya buɗe ido. Rawarsa shi kaɗai a fim ɗin, wadda yake yi don ya faranta ran abokinsa, tarin duk abin da ya koya tun yarinta ce: katako ya buge shi, ya yi karo da bangon bulo ya tsaya gyara fuskarsa da hannu kamar ƙullun fulawa, ya yi kokawa da mutum-mutumin tsumma a bayan kujera har mutum-mutumin ya kayar da shi, ya kwanta a ƙasa yana juyawa kamar hannun agogo. A ƙarshe ya taka bango ya juya, ya taka na biyu ya juya, ya nufi na uku sai ya fasa shi ya faɗa ciki. A kan daɓen siminti aka yi wannan, shi kuwa a lokacin mai shan taba ne ƙwarai, kwali huɗu a rana kamar yadda ya faɗa da bakinsa. Da aka gama sai da ya kwanta kwanaki. Da ya dawo aka ce masa hoton ya lalace, a sake.

Debbie Reynolds ta fi shi shan wuya. Shekararta 19, ba ta taɓa koyon rawa ba, wasan motsa jiki kawai ta yi a makaranta, aka haɗa ta da mutum biyu da suka shekara ashirin ko fiye suna abu ɗaya. Watanni aka yi ana horar da ita. Kelly mutum ne mai tsanani, ba ya yabo, ba ya haƙuri da kuskure, shi da kansa ya amsa daga baya cewa bai kyauta mata ba. Ta ba da labarin ranar da ta ɓuya ƙarƙashin fiyano tana kuka, Fred Astaire ya same ta, ya kai ta ta kalli yadda yake nasa atisayen, ta ga shi ma gumi yake yi yana kuskure yana sakewa. Rawar da su ukun suka yi a gidan Don, wadda suka sauko matakala a jere, suka yi wasa da rigunan ruwa, suka taka doguwar kujera ta kife da su, daga ƙarfe takwas na safe aka fara ɗaukarta har sha ɗaya na dare. An tashi ƙafafunta na jini. Daga baya ta ce abu biyu ne suka fi mata wuya a rayuwa, haihuwa da wannan fim.

A hoton kuwa ba alamar komai. Mutum uku ne da dabara ta faɗo musu da tsakar dare, murna ta hana su zama. Wannan shi ne abin da ake biya: a sha wuyar a ɓoye, a kawo wa mai kallo sauƙin. Ban ce tsananin Kelly daidai ne ba, kuma ba na cikin masu cewa sai an wulaƙanta ɗalibi yake iyawa. Amma duk wanda ya kalli yarinyar tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da waɗannan biyun, taku bai kuɓuce mata ba, ya san abin da yake gani ba a samo shi a banza ba.

Rawar ruwan saman ma haka. Da rana aka ɗauke ta, a filin kamfanin da ke Culver City, aka rufe titin da baƙin tamfol ya zama dare, aka jera bututun ruwa a sama. An haƙa 'yan ramuka a titin daidai inda ake son ruwa ya taru, domin kowane fatsal an san inda zai faɗo a kiɗa. Kelly na fama da zazzaɓi, zafin jikinsa ya haura digiri 39, kwat ɗin ulun da ke jikinsa na shan ruwa yana tsukewa. An daɗe ana yaɗa cewa madara aka zuba a ruwan don ya fito a hoto, amma waɗanda suka yi aikin sun ƙaryata. Dabarar mai ɗaukar hoto Harold Rosson ce, ya haska ruwan daga baya, kowane ɗigo ya kama haske.

Abin da ya sa wannan rawa ta fi sauran zama a zuciya, a nawa ganin, sauƙinta ne. Ba ita ce mafi wuya a fim ɗin ba. Wadda Kelly da O'Connor suka yi a ofishin malamin koyar da lafazi, suna buga ƙafa tare kamar mutum da inuwarsa, a kan tebur da kan kujeru, ta fi ta nuna gwaninta nesa ba kusa ba. Amma ta ruwan saman daga tafiya ta fara, ta koma tafiya. Kelly ɗan birnin Pittsburgh ne, garin masana'antar ƙarfe, burinsa na yarinta ya zama ɗan wasan ƙwallon gora na Amurka, wato baseball, kuma jikinsa na ɗan ƙwallo ne, gajere kakkaura. Astaire in yana rawa sai ka ga ɗan sarauta cikin kwat da doguwar hula, ka yi sha'awa daga nesa. Kelly kuwa so yake a ga kamar direba ko matuƙin jirgin ruwa ne murna ta kama. Kayan rawarsa a nan laima ce da kwata da indararo, abin da ke ƙofar gidan kowa. Duk wanda ya taɓa fita tsakar gida a ruwan farko na damina yana yaro, uwa na kira yana yi kamar bai ji ba, ya san abin da mutumin nan ke ji. Ɗan sandan ma ya san shi, shi ne babban da ke zuwa ya ce a shiga ɗaki.

Sai dai in faɗi abin da ke rage wa hujjata ƙarfi. Irin rawar da suke yi, ta buga takalmi mai ƙarfe a ƙasa ana fitar da sauti, in kira ta rawar ƙwas-ƙwas, rabinta ji ne, rabi gani. Sautin ƙafar da muke ji a waɗannan fina-finai kuwa ba a wurin ɗauka ake naɗarsa ba. Bayan an gama ake komawa situdiyo, a kalli hoton, a sake bugawa a kan katako a ɗora. Ke nan ko ƙafar ma muryarta ɗorawa aka yi. Abin da ya rage na gaskiya tsantsa shi ne abin da ido ya gani: nauyin jiki, daidaiton taku, tsallen da saukar. Ya isa, amma bai kai yadda masoyan fim ɗin ke kururutawa ba.

Akwai kuma wurin da fim ɗin ya yi nauyi. Kusa da ƙarshe an tsayar da labari cak, aka shiga wata doguwar rawa ta kusan minti goma sha uku, wai Don na bayyana wa mai kamfani abin da yake son a ɗauka. An kashe mata kuɗi mai yawa cikin kusan dala miliyan biyu da rabi da fim ɗin ya ci. A nan Cyd Charisse ta fito, ba ta ce uffan ba, da koriyar riga da gajeren gashi, daga baya da farin mayafi mai tsawon gaske da injinan iska ke ɗagawa. Kyau kam akwai shi, kuma daga nan tauraronta ya haska. Amma an yi ta ne don fim ɗin Kelly na baya, An American in Paris, ya ƙare da irin wannan doguwar rawa, ana son a maimaita. Gwajin da nake yi wa kowace waƙa a fim, na Amurka ne ko na Indiya ko namu, shi ne a cire ta a gani ko labarin zai rame. Cire rawar ruwan sama, ba ka san zurfin farin cikin Don ba. Cire ta ɗakin ɗaukar fim, ba ka ga lokacin da Kathy ta yarda da shi ba. Cire wannan doguwar, ba abin da ya ɓace sai ado. Su kansu masu fim ɗin kamar sun sani, domin da aka gama mai kamfanin cewa ya yi bai iya hango abin a ransa ba, sai ya gani a hoto tukuna.

Wani giɓin ya fi wannan girma. Rawar ƙwas-ƙwas a Amurka aka haife ta, daga haɗuwar takun bayin da aka kwaso daga Afirka da na baƙin haure 'yan Ailan, a unguwannin talakawan New York na ƙarni na 19. Manyan gwanayenta baƙaƙen fata ne, tun daga William Henry Lane a shekarun 1840 har zuwa Bill Robinson. Kelly ya san wannan sarai. A 1948 ya yi rawa tare da 'yan'uwan nan biyu, Fayard da Harold Nicholas, a fim ɗin The Pirate, wasu gidajen silima na kudancin Amurka suka yanke wurin saboda ba sa son ganin baƙi da fari suna rawa a matsayi ɗaya. A Singin' in the Rain kuwa, fim ɗin da ke ba da tarihin nishaɗin Amurka, masu wannan gado ba su da wuri. A jerin kayan aron fim ɗin, wannan ne ba a ko yi barkwanci a kansa ba.

Me ya sa ba a sake yin irinsa ba, duk da masu gwadawa? Saboda ba mutum ɗaya ne ya yi shi ba, masana'anta ce. MGM na da makaɗa, masu tsara rawa, maɗinka, kafintoci da 'yan rawa, duk ma'aikatan dindindin masu albashi, suna fita daga wannan fim su shiga wancan shekara da shekaru. Ana iya ware watanni ana atisaye kafin a kunna kyamara, domin ko an yi ko ba a yi ba ana biyan mutanen. Kelly na da mataimaka biyu, Carol Haney da Jeanne Coyne, waɗanda aikinsu shi ne su riƙe kowane taku a ka, su koya wa sauran. Wannan tsari ya riga ya fara rushewa lokacin da ake ɗaukar fim ɗin. A 1948 kotun ƙolin Amurka ta yanke hukuncin raba kamfanonin fim da gidajen silimarsu, talabijin kuma ta shiga gidaje tana janye 'yan kallo. Kafin ƙarshen shekarun 1950 an sallami yawancin ma'aikatan. Fim ɗin da ke dariyar mutuwar wani zamani, shi ma a bakin kabarin nasa zamanin aka yi shi. Masu yin La La Land a 2016 sun yi ƙoƙari, sun ɗauki rawa da dogon hoto ba yanka, amma jarumansu 'yan wasa ne da suka koyi rawa don fim ɗin, ba 'yan rawa da aka haifa a dandamali ba, kuma dogon hoto ba ya rufa asiri.

Waƙar kanta ta yi yawo inda masu ita ba su zata ba. A 1971 darakta Stanley Kubrick ya sa ta a wani fim nasa, a bakin wani ɗan ta'adda yana dukan mutane a gidansu, kuma abin ya tayar da hankali ne daidai saboda kowa ya san ta da tsarkin zuciya. An mayar da fim ɗin wasan dandamali a Landan a 1983, da ruwan gaske na zuba a kan 'yan wasa.

A ƙarshen labari, jama'a sun matsa wa Lina ta yi musu waƙa a gabansu. Aka tsayar da Kathy a bayan labule da makirufo, Lina na gaba tana motsa baki. Don da Cosmo da mai kamfani suka kama igiya suka ja labulen, kowa ya ga mai waƙar. Zanen aro bai rufe katara ba. Kathy ta ruga za ta fice cikin kuka, Don ya ce a tare ta, ya shaida wa jama'a cewa wannan ce mai muryar da suka ji suka so. Aka sa sunanta a allon talla kusa da nasa. Betty Noyes kuwa, wadda ta yi wa Kathy ɗin waƙa, ba a rubuta sunanta ko'ina a jerin sunayen fim ɗin ba.